Yadda za ka karanci injiniyanci kuma ka tsara aikinka tun kana aji ɗaya

Yawancin yaran da ke cewa "ni injiniya zan zama", in ka tsare su ka ce toh me injiniya yake yi daga ƙarfe takwas na safe zuwa la'asar, sai kaga an fara kame-kame. Hular kwano suka sani da takarda a naɗe a hammata, shikenan. Wannan bayanin naku ne ƙannena, masu shirin shiga da waɗanda suka riga suka shiga suna aji ɗaya ko biyu, maza da mata, in na ce "ka" ke ma ƙanwata da ke nake. Zan bi abin daki-daki tun daga zaɓen fanni har ranar da za a ba ka izinin sa hannu a zane. Kuma ka riƙe wannan tun yanzu don a kansa sauran maganar ta tsaya: ka fara sanin aikin da kake son ka riƙa yi, sannan ka dawo baya ka jera karatun da zai kai ka can. Mafi yawa akasin haka suke yi, sai sun karɓi takarda sannan su fara tambayar ina aka nufa.

Mataki na 1: zaɓi fanni da aikinsa, ka bar daɗin suna

Injiniyan gine-gine, wanda ake cewa sibil, shi ne mai hanyoyi da gadoji da madatsun ruwa da magudanai da manyan benaye. Rabin rayuwarsa a wurin gini take cikin rana da ƙura, yana duba rodi kafin a zuba kankare, yana aika samfur ɗakin gwaji yana jiran sakamakon kwana 28, yana rigima da ɗan kwangila kan siminti. Ɗaya rabin kuma yana ofis gaban kwamfuta yana lissafin nauyin da ginshiƙi zai ɗauka. Makanikal nasa duk abunda ke juyawa ne ko yake ɗaukar zafi, injina, famfuna, na'urorin sanyaya ɗaki, tukunyar tururi, layin masana'anta. Lantarki gida biyu ne da mutane ke haɗawa: akwai masu babbar wuta, tashoshi da taransifoma da layukan dakon wuta da sola, akwai kuma masu ƙananan alluna, wato ilektironik da sadarwa da na'urori masu sarrafa kansu. Kemikal kuma shi ne wanda ya fi yaudarar yara, suna shiga don suna son kemistiri sai su tarar lissafi ne zalla na abunda ya shiga tukunya da abunda ya fita, zafi da matsi da gudun ruwa cikin bututu, a matatar mai ko kamfanin taki ko na siminti ko na magani. Injiniyan kwamfuta yana tsakanin lantarki da rubuta manhaja.

Ra'ayina, in kana kokwanto ka ɗauki ɗaya daga cikin manyan nan huɗu, sibil ko makanikal ko lantarki ko kemikal, a digirin farko, ƙwarewa a siririn fanni ta biyo baya. Dalili shi ne fannoni irin su man fetur ko jiragen sama ko haƙar ma'adinai suna hawa da sauka ne tare da kasuwa guda. Gangar ɗanyen mai tana sama da dala 100 a tsakiyar 2014, farkon 2016 ta faɗo ƙasa da dala 30, kamfanoni suka yi ta sallamar ma'aikata, waɗanda suka shiga jami'a lokacin da abin ke tashe suka fito suka tarar an rufe ƙofa. Mai makanikal zai iya aiki a kamfanin mai, zai iya komawa kamfanin siminti in abin ya juya, amma wanda ya karanci haƙar mai kaɗai komawar ta fi masa wuya.

Abunda za ka yi a aikace: ka nemo tallar aiki na gaske guda uku ko huɗu a fannin da kake hange, ka karanta abunda suke nema layi-layi, ka rubuta sunayen manhajoji da takardun da suka maimaitu. Sannan ka samu injiniyoyi biyu masu aiki, kar ka tambaye su "aikin da daɗi?", kowa zai ce Alhamdulillahi. Ka ce musu jiya me kuka yi tun safe. Amsar nan ita ce rayuwar da kake nema.

Mataki na 2: bincika makarantar kafin ka biya ko sisi

Tambaya ta farko ita ce, hukumar da ke kula da injiniyoyi a ƙasar ta amince da wannan kos ɗin? Ka lura, kos ake tantancewa ɗaya-ɗaya, jami'a za ta iya samun amincewa a sibil amma lantarkinta bai samu ba, ko amincewar ta ƙare ba a sabunta ba. A Amurka ABET ce ke yi, a Ingila ƙungiyoyin injiniyoyi ne ke yi da izinin Engineering Council, a Faransa CTI, a Najeriya COREN. Kowacce tana da jerin sunaye, ka duba da idonka, kar ka tsaya kan abunda aka rubuta a takardar tallar makaranta. In ka yi digirin da ba a amince da shi ba, ranar da ka je neman rajista ne za ka ji a jikinka, ko a ce sai ka ƙara karatu ko ƙarin jarabawa.

In kana da niyyar aiki a wata ƙasa akwai wata yarjejeniya da ake kira Washington Accord, an sa mata hannu a 1989 tsakanin hukumomin ƙasashe shida, Amurka da Birtaniya da Kanada da Ostireliya da Ayalan da Niyu Zilan, daga baya wasu da yawa suka shiga irin su Japan da Indiya da Afirka ta Kudu da Malesiya. Ma'anarta dai ƙasashen sun yarda digirin da ɗaya ta tantance daidai yake da na sauran. Akwai irinta ga masu fasaha, Sydney Accord ta 2001, da ta tekinishiyan, Dublin Accord ta 2002. Wannan ma ya nuna maka matakan uku ne daban, kuma difloma hanya ce mai kyau, da yawa daga can suka faro suka ƙaro digiri daga baya, kuma a wurin aiki sau da yawa hannunsu ya fi na masu digirin faɗawa. Tsawon karatun ya danganta da ƙasa, shekara 4 a Amurka, 3 ko 4 a Ingila, 5 a Faransa bayan sakandare.

Sai ka leƙa ɗakunan gwaji da wakshof in da hali. Ka tambayi ɗaliban aji uku ko sun taɓa kunna injin da hannunsu, ko kuwa nuna musu ake yi daga nesa.

Mataki na 3: gyara lissafinka kafin a buɗe makaranta

Gajere ne wannan amma shi ke kada mutane. Aljabra, tirigonomitiri, logaridim, bekta, zana giraf. Yawancin masu faɗuwa kalkulas a aji ɗaya ba kalkulas ɗin ne ya kada su ba, sun fahimci sabon darasin sarai, aljabrar layi na huɗu ce ta kuɓuce musu. Ka ba abubuwan nan wata biyu ko uku, awa ɗaya kullum da biro da takarda. Khan Academy, wani dandalin koyarwa na intanet, kyauta ce kuma ta isa wannan aikin. Sannan ka saba da karanta dogon rubutu a harshen da za a koyar da kai, Turanci ne ko Faransanci, don littattafan kauri gare su kuma lakcara ba zai jira ka ba.

Mataki na 4: shekara biyun farko, a nan ake cin wasan ko a zubar

Kwasakwasan injiniyanci a sarƙe suke, kowanne yana tsaye kan na bayansa. Kalkulas shi ke kai ka lissafin abubuwa masu canzawa da lokaci, wanda da shi ake warware girgizar inji da da'irar lantarki da tafiyar zafi. Lissafin ƙarfi kan abu mai tsaye shi ke kai ka ƙarfin kayan gini, shi kuma ya kai ka zanen ƙarfe da kankare. Dokar Om da dokokin Kirkof su ne ƙasan komai a lantarki. Saboda haka wanda ya haddace ya ci jarabawa a aji ɗaya bai tsira ba, bashi ya ci, aji uku zai biya. Ga kuma CGPA, wato matsakaicin makinka na duk semestoci, tara ta ake yi tun semesta ta farko, in ka yi wasa da shekarar farko wallahi ɗago ta daga baya aiki ne ja, ka ɗauki kalkuleta ka gwada da kanka ka ga maki nawa za ka buƙata don ka gyara semesta biyu marasa kyau. Kamfanoni da yawa da masu bada tallafin karatu da ita suke fara tace mutane kafin ma su ga fuskarka.

Yadda ake karatun kuwa ga shi. Kallon lakcara yana warware tambaya a allo daɗi ne da shi, kana gyaɗa kai kana jin ka gane. Ka koma ɗaki ka rufe littafin, ka ɗauki farar takarda ka warware wannan tambayar kai kaɗai, a nan za ka san gaskiyar lamari. In ka maƙale ka ba ta minti ashirin kafin ka leƙa amsa, in ka leƙa kuma layi ɗaya kawai, ka sake rufewa. Duk awa ɗaya ta lakca ka tanadi kamar awa biyu ta warware tambayoyi. Tsofaffin takardun jarabawa ka nemo su tun makon farko, ba daren jarabawa ba, don ka ga irin tunanin malamin. Rukunin karatu kar ya wuce mutum huɗu, kuma kowa ya zo da abunda ya riga ya gwada, in ba haka ba hira ce za ta ci lokacin ko mutum ɗaya ya yi sauran su kwafa. In malamin ajinku bai iya bayani ba, kar ka zauna kana ƙorafi, MIT OpenCourseWare da NPTEL ta Indiya suna da cikakkun lakcoci kyauta kan kusan duk kos ɗin da za ka yi.

Ɗabi'u uku ka sa wa kanka tun yanzu har su zama jiki. Ta farko, kafin ka rubuta lissafi ko ɗaya ka zana abin, ka sa kibiyoyi a duk inda ƙarfi ke turawa ko yake ja, in da'ira ce ka zana ta ka sa alkiblar wuta. Ta biyu, kowace lamba ka rubuta mata ma'auninta a gefe, mita ce ko milimita, kilo ne ko niwuton, har layin ƙarshe. Kar ka raina wannan. A watan Satumba na 1999 NASA ta rasa kumbonta Mars Climate Orbiter bayan ya yi tafiyar wata tara, saboda manhajar ɓangare ɗaya tana bada lambobi da ma'aunin fam, ɗaya ɓangaren yana ɗaukarsu a matsayin niwuton, bambancin ninki kusan 4.45 ne, kumbon ya yi ƙasa fiye da kima ya shiga iskar duniyar Mas, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Manyan ƙwararru ne fa suka yi wannan, balle kai da ke rubuta amsa cikin sauri saura minti biyar a karɓe takarda.

Ta uku, ka iya kintace kafin ka taɓa kalkuleta. Akwai lambobin da ya kamata su zauna a kanka: jan ƙasa 9.81, ruwa kilo 1,000 a mita kubik ɗaya, kankare wajen 2,400, ƙarfe wajen 7,850. Misali an ce ga dakin, wato shimfiɗar kankaren bene, mai tsawon mita 5, faɗi mita 4, kauri santimita 15. Biyar sau huɗu ashirin, sau 0.15 ya ba ka mita kubik 3, sau 2,400 ya ba ka kilo 7,200, wato tan bakwai da ɗoriya, wajen kilo-niwuton 70, kuma wannan nauyin kansa ne kawai kafin mutum ko kujera ta hau. Toh in kwamfuta ta ce maka kilo 720 ko 72,000 nan take za ka san an yi kuskuren sifili a wani wuri. Wannan hancin na jin warin lamba mara kyau shi ne ainihin abunda ake biyan injiniya dominsa. Haka ma ChatGPT da ire-irensa, ka sa su yi maka bayani ta wata fuska in ba ka gane ba, amma duk lambar da suka ba ka sai ka bi ta da biro, don suna iya kuskure cikin cikakkiyar natsuwa.

Mataki na 5: manhaja da aikin hannu

Fara da Excel, na san ba shi da kwarjini amma babu ofishin injiniyan da ba a buɗe shi kullum. Sai yaren rubuta manhaja, Python, ko MATLAB in shi makarantarku ke koyarwa, GNU Octave kyauta ne kuma kusan yare ɗaya suke da MATLAB. Sai manhajar zane ta fanninka guda ɗaya ka iya ta da kyau: AutoCAD da Revit ko ETABS ga sibil, SolidWorks ko makamancinsa ga makanikal, LTspice da KiCad ga masu ilektironik, waɗannan biyun kyauta ne, FreeCAD ma haka. Kamfanoni irin su Autodesk suna ba ɗalibai lasisin kyauta in ka yi rajista da shaidar makaranta. Guda ɗaya da ka yi aiki na gaske da ita ta fi guda bakwai da ka jera a CV don ka taɓa kallon bidiyonsu.

Sannan kowace shekara ka ƙera wani abu. Ƙarami ma ya isa. Ƙaramin allon ilektironik na Arduino da ke kunna famfo in tanki ya yi ƙasa, ko ka warware tsohon janareto ka auna sassansa ka zana su ka mayar, ko ka ɗauki wani ƙaramin gini ka yi masa zane da lissafin nauyi da ƙiyasin kaya daga tushe har rufi. Inda ɗalibai ke asara shi ne ba sa ajiye shaida. Ka ɗauki hoto, ka rubuta shafi ɗaya ko biyu: me na so yi, wane lissafi na yi, me ya ƙi aiki, ya na gyara. Ka tara su wuri guda, in rubutun manhaja ne ka sa a GitHub, shafin da ake ajiye irinsa a intanet. Zuwa aji na ƙarshe kana da abu huɗu ko biyar da za ka ajiye kan teburin mai ɗaukar aiki.

Ka shiga reshen ɗalibai na ƙungiyar fanninka, IEEE ta masu lantarki ko ASME ta masu makanikal ko ta ƙasarku, kuɗin ɗalibai bai kai na manya ba, kuma ta nan ake jin labarin gasa da guraben koyon aiki.

Mataki na 6: zaman koyon aiki a kamfani

Kusan duk tsarin injiniyanci yana da watannin da ake tura ɗalibi wurin aiki. Wasu suna neman inda za su riƙa sa hannu su koma gida, kuma su ne za ka ji suna kuka daga baya wai ana neman gogewa. Fara nema wata shida kafin lokaci. Ƙaramin kamfanin da zai ba ka sifana a hannu ya fi babban suna da zai zaunar da kai gaban na'urar kwafin takardu.

In ka je, ka sauke girman kai a bakin ƙofa. Fomanin nan da mai walda da tekinishiyan da ya shekara ashirin kan inji ɗaya, da jin ƙararsa ya san abunda ke damunsa, su za su koya maka abunda babu a littafi, da ɗan gari akan ci gari. Ka gaishe su, ka ce musu Malam ko Oga yadda ake ce musu a wurin, ka ɗauki kaya in ana ɗauka. Ka riƙe ɗan littafi a aljihu, kullum ka rubuta me aka yi, da wane kayan aiki, wace matsala ta taso, wa ya yanke shawara kuma me ya sa. Dokar kariya kuma ba a wasa da ita, hula da takalmi da tabarau, kar ka taɓa waya sai an kashe wuta an kulle makunnin kuma ka gwada da mita da kanka, kar ka tsaya ƙarƙashin kayan da kiren ya ɗaga, kar ka shiga rami ko tanki don wani ya ce "ba komai". Kafin ka tafi ka nemi wasiƙar shaida, ka karɓi lambar mutum biyu, kuma ka riƙa gaishe su lokaci-lokaci, ba sai ranar da kake neman aiki ba. Ke kuma ƙanwata, in aka ce ki zauna a ofis saboda rana, ki ce kin gode amma kina son fita fili, don abunda aka gani a fili shi ake tambaya a intabiyu.

Mataki na 7: furojet ɗin ƙarshe da iya rubutu

Zaɓi batun da ya dace da aikin da kake nema, kuma wanda za ka iya gamawa da kayan da ke akwai cikin watannin da aka ba ka. Ƙaramin abu da ka auna ka samu lambobinka ya fi babban take da ya ƙare a kwafe-kwafe. Malamin da zai duba ka, ka zaɓi mai samun lokaci ko da ba shi ne mafi suna ba. Sayen furojet kuwa, ban da haramcinsa, tambaya biyu ake yi a gane.

A nan za ka koyi rubuta rahoto, kuma injiniya yana rubutu fiye da yadda yara ke zato. Sakamako a sama, dalili a ƙasa, kowane tebur da ma'auninsa, kowane zato da ka yi ka faɗe shi a fili. Ka gwada yi wa wanda bai karanci fannin ba bayanin aikinka cikin minti biyu, don gobe manaja ko mai kuɗin aikin za ka yi wa.

Mataki na 8: neman aikin farko

CV shafi ɗaya. Ka rubuta abunda ka yi da lambobi, "na zana tsarin sola mai kilowat 3 na lissafa batir da waya" ya fi "mai ƙwazo ne, mai son aiki tare da jama'a", wannan kowa ma ya rubuta. Kowace talla ka gyara CV ɗin ya dace da ita. LinkedIn ka buɗe tun kana makaranta ka sa hotunan ayyukanka. A intabiyu abubuwan aji biyu ake yawan tambaya, a ce zana yadda sanda ke lanƙwasa in an ɗora mata nauyi a tsakiya, ko me ya sa ake ɗaga ƙarfin wuta kafin a yi dakonta nesa, sannan a juya kan furojet ɗinka. In ba ka sani ba ka ce ban sani ba amma ga ta inda zan fara, sun fi son haka da ƙarya.

Ka san kuma gidajen aikin iri-iri ne. Kamfanin zane da bada shawara zai koya maka lissafi da ƙa'idoji. Ɗan kwangila zai koya maka fili da mutane da kuɗi da lokaci, da gajiya. Masana'anta za ta koya maka kula da inji da gano matsala cikin dare. Akwai gwamnati da hukumomin sa ido, akwai sayar da kayan fasaha, akwai koyarwa da bincike. Shekara biyu ko uku na farko, in albashin zai riƙe ka, abunda za ka fi dubawa shi ne wa zai duba aikinka. Babban injiniya mai rajista da zai zauna ya ja maka jan biro a lissafi ya fi ƙarin albashi a wurin da kai kaɗai ne injiniya tun ranar farko, ba mai gyara maka, kuma sa hannunsa za ka buƙata a mataki na gaba.

Mataki na 9: rajista da lasisi

Digiri bai ba ka izinin sa hannu a zane ba. A Amurka ana rubuta jarabawar FE, ta tushen injiniyanci, dab da gamawa ko bayan gamawa, a yi aiki yawanci shekara 4 ƙarƙashin mai lasisi, sannan jarabawar PE, wadda da ita ake samun lasisin. A Birtaniya ana neman matsayin injiniya mai rajista, CEng ko IEng, ta hanyar nuna gogewa a rubuce da zama gaban kwamiti. Sauran ƙasashe ma kusan tsarin kenan, digirin da aka amince da shi, shekarun aiki ƙarƙashin kulawa, rahoto, jarabawa ko intabiyu. Ka sauke takardar sharuɗɗan hukumar ƙasarku tun watan farko na aiki, ka buɗe littafin da za ka riƙa rubuta kowane aiki, kwanan wata, girmansa, rawar da kai ka taka, da sunan wanda ya duba. In ka bari sai bayan shekara huɗu za ka zauna tunowa, rabin ya tafi, wasu ogannin ma sun bar kamfanin.

Dalilin duk wannan tsaurin kuwa rayuka ne. A ranar 17 ga Yuli 1981, a otal ɗin Hyatt Regency na birnin Kansas a Amurka, barandodi biyu da aka rataya ɗaya saman ɗaya suka rufto kan jama'a, mutum 114 suka mutu. A zanen asali doguwar sandar ƙarfe guda ce za ta ratsa duka biyun daga rufi. Lokacin ƙera kayan sai aka canza zuwa sanduna biyu don sauƙin aiki, barandar ƙasa ta koma rataye a jikin barandar sama, nauyin da ke kan mahaɗar ta sama ya ninka biyu, aka buga hatimi zanen ya wuce ba tare da an sake lissafin ba. Lissafin da ɗan aji biyu zai iya yi ne in ya zana kibiyoyinsa. Injiniyoyin da suka amince da zanen an ƙwace lasisinsu. Don haka duk canjin da aka kawo maka a fili, komai ƙanƙantarsa, ka ce a ba ka a rubuce ka sake lissafi, in aka matsa maka ka sa hannu kan abunda ba ka duba ba ka ƙi, ka kuma rubuta ƙin naka a wasiƙa ko imel ka ajiye kwafi.

Mataki na 10: digiri na biyu, yanzu ko sai an jima

In koyarwa ko bincike kake so, ko fanni mai zurfi irin zanen manyan gine-gine, ƙasa da tushe, kariyar layukan wuta, ko ƙera ƙananan alluna, toh mastas tana da amfani da wuri. In kuwa don ba ka samu aiki ba ne kake son komawa aji, ka tsaya ka yi tunani, sau da yawa shekara biyu a fili ce za ta nuna maka ainihin abunda ya kamata ka karanta. Wasu tallafin ma sai da gogewar, Chevening ta Birtaniya tana neman aƙalla shekara biyu ta aiki. Akwai DAAD ta Jamus da Erasmus Mundus ta Tarayyar Turai, yawanci ana rufe karɓar takardu watanni da yawa kafin fara karatu, don haka takardar sakamako da wasiƙun malamai biyu da jarabawar harshe irin IELTS ka fara haɗa su shekara guda kafin lokacin. Ƙananan satifiket kuma, irin PMP na tafiyar da ayyuka ko NEBOSH na kariya ko CCNA na sadarwa, ka koma kan tallar aikin nan da ka tara tun matakin farko, wanda ka ga yana maimaituwa a fanninka shi za ka biya wa kuɗi, kuma ka duba sharaɗinsa tukunna don PMP ma sai ka nuna shekarun jagorantar aiki kafin a bar ka ka zauna jarabawar.